Jar Hular Mansik Wanzami

A ƙauyenmu na Sanwol, in kana son amsar kowace tambaya a duniya, ka je shagon Pyo Mansik wanzami ka zauna, ka jira mutumin talabijin ya faɗe ta. Yana faɗa Mansik zai buga cinya ya ce, "Ka ji ko? A bakina take, riga ni ya yi." Haka yake yi kullum da la'asar in an sa shirin kacici-kacici, almakashi a hannu, ido a kan akwati, kunnenka kuwa sai abin da sa'a ta yi.

Ƙauyen unguwa biyu ne, mu 'yan Gangare da 'yan Tudu, kuma tun kakanni ba ma yarda ɗaya ya fi ɗaya ko da tsawon kabeji ne. Duk shekara in an gama girbin shinkafa mukan haɗu a filin firamare a yi wasanni, a rufe da kacici-kacici. A ja layi a tsakiyar fili, nan gefen gaskiya, can gefen ƙarya. A karanto magana, kowa ya ruga inda ya yarda, a busa usur, a ɗaga igiya a kan layi. Wanda ya kuskure ya fita, har a bar mutum ɗaya. A shekarun baya tukunya ake ci ko buhun taki. A wannan shekarar kuwa aka ce katon firjin ajiye kimchi ne, wato kabejin da muke gishirtawa da barkono mu ci duk shekara, wanda ya ci ya kai zauren tsofaffin unguwarsu. Namu firjin ya mutu tun bazara, ga lokacin gishirta kabeji ya ƙarato, tsofaffin matanmu har sun fara cewa da su ci kimchi mai tsami a gaban matan Tudu gara su ci shinkafa gaya.

Mansik yana jin haka ya rufe shago da rana tsaka, ya zo ya same ni a injin casa, ya ja ni zuwa zaure inda lasifikar gari take.

Ya hura makirfon, ya gyara murya. "Jama'ar Gangare, Pyo Mansik ne. Ku kwantar da hankalinku, ku sayi gishiri. Firji ya zo gida. Ranar wasa kada kowa ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa. Zan sa jar hula, inda ta nufa ku nufa."

Ya ajiye makirfon a kan tebur, ya juyo gare ni yana murmushi.

Na ce, "Yaya, ka yi alkawari mai nauyi fa. Malam Chu ne ke shirya tambayoyin, kuma ka san halinsa."

Malam Chu tsohon shugaban firamarenmu ne, ya koyar da rabin garin, ya zane sauran rabin.

Mansik ya ce, "Dongpal, shi ya sa har yanzu ƙaiƙayi kake shaƙa. Malam Chu yana da kai ko ba shi da shi?"

"Yana da shi."

"Kan yana da gashi?"

"Saura kaɗan."

"To wa ke riƙe kan nan a hannunsa? Tsohon nan in na ɗora masa tawul mai zafi, bakinsa sakewa yake kamar tsohon wando. Zan tatse shi tas bai sani ba. Su kuwa 'yan Tudu, da wannan mai unguwar nasu Bang, mai kai kamar ƙwan agwagwa..."

Ƙofa ta buɗe. Matarsa Gilja ce, hannunta duk garin barkono.

Ta ce, "Baban Yongran, ƙwan agwagwar ya aiko a ce maka ka ɗan matsa kusa da makirfon, can Tudu ƙarshen maganar ba ya fita sosai."

Mansik ya dubi jar fitilar da ke ci a jikin na'urar, ya dube ni, ya kashe ta a hankali kamar mai rufe idon gawa. Sannan ya ce, "Da gangan na bari. Tsoro nake dasa musu."

Kowa ya ɗauka Malam Chu ba zai ƙara taka shagon ba. Washegari da hantsi sai ga shi da sandarsa, ya zauna a kujera, ya ce a yi masa gyaran fuska. Shagon ya cika nan da nan da mutanen da ba su da niyyar aski, ni ma ina ciki.

Mansik ya ɗaura masa ƙyalle yana fara'a. "Malam, tambayoyin bana daga ina suke? Ba don komai ba, don hira."

"Daga kaina suke."

"Kai mai albarka kuwa. Dabbobi ne a ciki, ko tarihi?"

"Furfura ce a ciki. Rage min gefe."

Mansik ya ƙifta mana ido, ya ɗauko tawul mai zafi ya shimfiɗa masa, ya shafa kumfa, ya wasa aska. Can sai Malam ya fara minshari, bakinsa na motsi. Muka kasa kunne.

"Dodon koɗi..." in ji Malam cikin barci. "Haƙora... ina zai same su... ƙarya ce..."

Mansik ya sunkuya, ya kai kunnensa bakin Malam don kada kalma ta wuce shi. Ya manta hannunsa na dama yana kan aiki. Da ya ɗago sai ga girar Malam ta hagu kwance a kan aska, cif, ba ko gashi ɗaya da ya rage a fuska.

Mansik ya sa yatsa a baki, ya sulale ta ƙofar baya, ya dawo da jagirar matarsa. Ya zana sabuwar gira, ya zana ta can sama kusa da goshi. Malam ya buɗe ido, ya dubi madubi. Rabin fuskarsa na nan yadda muka san ta, ɗaya rabin kuwa mamaki take yi.

Mansik ya ce, "Yayin birni ne, Malam. In kana so in daidaita ɗayar."

Malam ya daɗe yana kallon kansa. Ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Sai ranar wasa, Mansik," ya fita.

Yana fita Mansik ya daka tsalle. "Kun ji da kunnenku. Tambaya ɗaya ta shiga aljihu. Sauran kuwa na gane salon tunaninsa."

Daga cikin gida muka ji Gilja tana tambaya wa ya cinye mata rabin jagira.

Ranar wasa fili ya cika. Ga tukwanen miya suna tafasa, ga giyar shinkafa a butoci, ga firjin a kan dandamali an ɗaura masa jan ƙyalle kamar amarya. Malam Chu ya hau da makirfo, ya manna filasta inda gira take. Mansik ya shigo fili da jar hula mai tsini, mu 'yan Gangare muna biye da shi kamar 'yan tsaki.

Mai unguwa Bang ya tare shi, kansa na sheƙi a rana. Ya ce, "Shugaban masana, ƙwan agwagwa na gaisuwa."

Mansik ya ce, "Ka tsaya a inuwa, mai unguwa, kada ka dahu kafin a fara."

Malam ya karanto ta farko. "Dodon koɗi yana da haƙora."

Mansik bai bari ya rufe baki ba, ya ɗaga hannu ya nufi gefen ƙarya da tafiyar ƙasaita. Muka bi shi duuu. 'Yan Tudu suka rarrabu, wasu nan wasu can. Daga namu ba wanda ya tsaya a gefen gaskiya sai Gilja, da wasu tsofaffi biyu da ƙafa ba ta kai su ba. Aka busa usur, aka ɗaga igiya.

Malam ya ce, "Gaskiya ce. Yana da su, dubbai ma, ƙanana a kan harshensa. Da su yake cinye muku latas."

Mansik kuwa ya ruga gaban dandamali.

"Ban yarda ba. Haƙori a kan harshe ai ba haƙori ba ne, ƙaiƙayi ne. Wa dodon koɗi ya taɓa ciza a garin nan? Ya ɗaga hannu."

Wata tsohuwa daga Tudu ta ce, "Ni ma ban taɓa cizon kowa ba, ga nawa a aljihu."

Mansik ya ce, "Kuma Malam, kai da bakinka ka ce ƙarya ce."

Malam ya karkato da makirfo. "Yaushe?"

"A shagona, kana bar..." Ya tsaya.

"Ina barci? To ka ga illar sauraron mai barci. Ni in ina barci ƙarya nake yi."

Fili ya kwashe da dariya, ban da mu. Tsofaffin matanmu suna fita daga layi kowace tana aika masa da nata. Ɗaya ta ce ya zo ya ɗebi gishirin da ya sa ta saya ya yi wanka da shi. Mansik ya cire hula zai bi bayanmu, sai Malam ya ce, "Tsaya. Masani irinka ba a fitar da shi da wuri, jama'a za su yi asara. Ba ka cikin masu neman firji, amma ka zauna a fili kana nuna hanya. Mayar da hularka."

Da mai hankali ne, da ya gane rami ne. Mansik ya mayar da hula, ya rusuna wa jama'a ta ko'ina.

Tambaya ta biyu. "Kifi yana rufe ido in zai yi barci."

Mansik ya ce, "Wannan ko jariri. Wa ke barci ido buɗe in ba ɓarawo ba?" Ya tafi gefen gaskiya. Wasu 'yan Tudu suka ga maganar ta yi ma'ana, suka bi shi. Gilja ta dubi inda ya tsaya, ta kama hannun tsofaffin nan biyu ta ja su gefen ƙarya.

Malam ya ce, "Ƙarya ce. Kifin da kuke ci ba shi da fatar ido, da me zai rufe?"

Mansik ya ce, "Kai ka taɓa shiga ruwa ka gan shi yana barci?"

"Kai ka taɓa ganin ya ƙifta maka a faranti?"

"Wancan ai matacce ne. Kunya ta ƙare masa."

Ta uku. "Namijin sauro ne ke cizon mutum."

"Gaskiya ce," in ji Mansik tun kafin a tambaye shi. "Shiga ɗakin mutum, a yi masa waƙa a kunne, a sha jininsa, ina mace za ta sami wannan ƙarfin hali?"

Wata daga cikin masu girki ta ɗaga ludayi ta ce, "Gilja, kina ji?"

Gilja ta ce, "Ina ji. Ki bar shi, bai taɓa farkawa ba ne lokacin da nake yi."

A wannan karon ba wanda ya bi shi sai wani tsoho ɗan Tudu da ya ɗauka layin abinci ne. Macen ce ke cizo. Daga nan kowa ya gane karatun. Da Malam ya karanto tambaya, ba mai tunani kuma, sai a zuba wa jar hula ido. Ta yi gabas, jama'a su yi yamma. Tambayoyi suka yi ta wucewa ba wanda ya fita. Mai unguwa Bang har ya ce a kawo wa Mansik ruwa kada ya gaji, don shi ne fitilar Tudu.

Abin ya ci Mansik. Da Malam ya ce, "Ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa yawansu ɗaya da na wuyan mutum," sai ya taka zuwa tsakiyar fili, ya buɗe ƙafa, ɗaya a gaskiya ɗaya a ƙarya, ya harɗe hannu.

Ya ce, "To ku bi ni in gani."

Fili ya rikice. Mutanen da suka ajiye ƙwaƙwalwarsu tun ɗazu suka shiga nemanta. Wannan ya ce dogon wuya dole ƙashi ya yi yawa, wancan ya ce ai kaza ma wuyanta gajere ne amma ka ci ka ga ƙashi, wani ya ce shi bai taɓa ganin raƙumin dawa ba don haka tambayar zalunci ce. Tsofaffinmu biyu suka gaji suka zauna a gefen ƙarya, don nan ne inuwa.

Gilja ta matso kusa da mijinta, ta gyara masa kwalar riga, ta yi ƙasa da murya. "Baban Yongran, ni fa ban san komai ba. Kai da ka sani, ka bar matarka ta ji kunya?"

Ya yi ƙoƙarin kame bakinsa, na gani da idona. Amma a tambayi Mansik abu ya yi shiru, ai sai dai in ruwa ya koma tudu. Ya raɗa mata da muryar da ta kai har wurin masu girki, "Ƙarya ce. Wuya kamar falwaya? Ƙashi ya fi ɗari."

Ta ce, "Na gode," ta taka zuwa gefen gaskiya. Mai unguwa Bang, wanda ya daina kallon hula ya koma kallon matar mai hula, ya bi ta da sauri. Malam ya busa usur kafin saura su farga su tsallako gefen gaskiya. Masu igiya suka ɗaga ta da ƙarfi kamar yadda suka saba, ga Mansik a buɗe a kanta. Ya yi sama kaɗan, ya yi wata ƙara siririya wadda ban san yana da ita ba, ya faɗo a gefen ƙarya hula ta yi gaba.

Malam ya ce, "Gaskiya ce. Bakwai ne nan, bakwai ne can, nasa dogaye ne kawai. A ɗaga masani, saura mutum biyu."

Saura Gilja da mai unguwa Bang. Mu da muka fid da rai muka dawo bakin fili muna turereniya. Aka miƙar da Mansik, aka kaɗe masa ƙura, aka ɗora masa hula. Malam Chu ya shafa filastar goshinsa, ya karanto a hankali.

"Yawan aske gashi da aska yana sa ya fito da kauri da yawa."

Fuskar Mansik ta washe. Ya ɗingisa zuwa gefen gaskiya, ya juyo ya fuskanci jama'a. "Yau dai an zo gidana. Dodon koɗi ba sana'ata ba ne, kifi ba sana'ata ba ne. Wannan kuwa da ita na ci, da ita na aurar da Yongran. In na kuskure wannan, ku yi min abin da kuka ga dama."

Mai unguwa Bang ya tsaya a tsakiya yana zufa. Mutanensa suna ta ce masa ya guji hula. Shi kuwa ya shafa kansa. Abin da ya sa, shekara da shekaru duk ranar kasuwa yakan sauko shagon Mansik a kankare masa sanƙo da aska, don Mansik ya tabbatar masa saiwar na nan da rai, tsokana take so. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk mai sanƙo a unguwannin nan biyu yana da ranarsa, ni tawa Talata ce.

Bang ya ce, "Mansik, tsakaninka da girman kakanninka."

"Mai unguwa, ai kai shaida ne. Ba ka ce kana jin ƙaiƙayi a tsakar ka ba? Tahowa yake."

Bang ya dubi Gilja. Ita ta riga ta tsaya a gefen ƙarya tana gyara ɗaurin zanen aikinta.

Ya ce, "Uwar Yongran, sana'ar mijinki ce fa."

Ta ce, "Mai unguwa, mutumin nan ko cewa ya yi sunana Gilja, sai na koma gidanmu na tambaya."

Bang ya sake shafa kansa. In ya bi ta, ya yarda kenan a gaban gari cewa shekarun nan duk wanke masa kai ake yi. Ya ja numfashi, ya je ya tsaya kusa da jar hula. Aka busa usur.

Malam ya ce, "Ƙarya ce. Aska ba ta kai wa saiwa. Bakin gashin ne take yankewa ya yi kaushi, sai mutum ya ɗauka kauri ne. Inda kuwa ya mutu, ko da fartanya za a kankare, ya mutu. Firji na Gangare ne."

Matanmu suka ɗauki Gilja sama suna guɗa. Mansik ya shiga gabansu yana ɗaga hula. "Ban faɗa muku ba? Na ce firji ya zo gida. Dabarar ke nan tun farko, ni in ja su rami, ita ta wuce. Mun shirya da ita. Ko ba haka ba, Uwar Yongran?"

Ita kuwa ta hango abin da bai hango ba. A bayansa maza ne ke miƙewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan Tudu da 'yan Gangare, kowa na cire hularsa. Rana ta haska kawuna, fili ya zama kamar gonar kankana. Tun da nake ban taɓa ganin unguwannin nan biyu sun haɗa kai a kan abu ɗaya ba sai ranar.

Mai unguwa Bang ya dafa kafaɗarsa. "Ka ce mu yi maka abin da muka ga dama."

"Salon magana ne, mai unguwa."

"To mu ma salon aski za mu gwada."

Aka kawo kujera daga aji, aka aika shagonsa aka ɗauko askarsa da kumfa. Mansik yana da suma baƙa mai santsi wadda yake shafa wa mai safe da yamma, ita ce tallar shagonsa. Ya roƙi Malam ya sa baki. Malam ya ce shi barci yake ji. Ya kira matarsa, ta ce tana auna firji. Kowane mai sanƙo ya yi layi ya ja aska sau ɗaya, a hankali, da ladabi, ba ko ƙwarzane. Da layi ya zo kaina ya ce, "Dongpal, har da kai?" Na ce, "Yaya, taimako ne. Tsokanar saiwa muke yi."

Da aka gama Bang ya riƙe masa madubi, ya ce, "Kada ka damu. In kai ne da gaskiya, kafin sanyi ya shigo sai ka ɗaure ta da igiya."

An gishirta kabeji a kan lokaci, firji ya cika har murfi, matan Tudu ma suka roƙi a ajiye musu kwano biyu aka yi musu alfarma. Sumar Mansik ta fito ta gefe da ƙeya kamar da. Tsakiyar ce ta ƙi, don ashe dama gefen yake tajewa ya rufe ta. Yanzu duk ranar kasuwa masu sanƙo kan biya ta shagon su leƙa, su gaishe shi, su tambaye shi ko ya fara jin ƙaiƙayi. Yakan shafa wurin ya ce su ba shi zuwa bazara.